Abin Da Sabon Likita Ke Koya A Bakin Gadon Mai Jinyar Ajali

Mai karatu, idan ka taɓa zaman jinya a ɗaya daga cikin manyan asibitocin ƙasar nan, ka tuna likitan da ya fi yawan leƙo ku. Babban likita yakan zo da safe tare da ayarinsa, ya duba fayil, ya ba da umarni, ya wuce gado na gaba. Amma wanda aka taso da ƙarfe biyun dare lokacin da numfashin maras lafiyarku ya canja, wanda ya yi ta laluben jijiya don a sa ƙarin ruwa, galibi matashi ne ko matashiya da ba su daɗe da barin aji ba. Wataƙila ma wani a cikinku ya yi ƙunƙunin cewa an haɗa ku da yaro.

Wannan yaron yana tsakiyar wani karatu ne da ba a kammala shi a jami'a, wato yadda ake kula da mutumin da magani ya daina yi wa aiki. Malamansa a wannan fanni su ne marasa lafiyar da kansu, da malaman jinya, da ku masu zaman jinya. Ya kamata ka san abin da yake koya, domin irin kulawar da naka zai samu a kwanakinsa na ƙarshe ta dogara a kan hakan.

Wane ne wannan sabon likita?

A Najeriya ɗalibin likitanci yana yin shekara shida a jami'a. Idan ya gama, hukumar kula da aikin likitoci ta ƙasa, MDCN, za ta ba shi lasisin wucin gadi, sannan ya yi wata 12 yana aiki a ƙarƙashin manya kafin a ba shi cikakken lasisi ya tafi bautar ƙasa. A cikin wannan shekara yana zagaya sassa huɗu, wata uku-uku: sashen cututtukan manya, sashen tiyata, sashen yara, da sashen mata da haihuwa. Shi ne ke kwana a asibiti, shi ke ɗibar jini, shi ke rubuta bayanin kowace rana, kuma shi ake fara kira idan jiki ya rikice.

Tun a farkon karatunsa ya ga gawa a ɗakin koyon sassan jikin ɗan Adam, amma waccan gawa ba ta da suna, ba ta da 'ya'ya a bakin ƙofa. Karatun da ya biyo baya kusan duk a kan gano cuta ne da kashe ta. Sai ga shi ya shigo ɗakin kwanciya ya tarar da mai sankarar mama da ta riga ta bazu zuwa ƙashi, da mai ciwon hanta da cikinsa ya cika da ruwa, da mai ciwon ƙoda da kuɗin wankin ƙoda ya ƙare wa iyalinsa. Mafi yawan masu sankara a ƙasar nan ba sa isa asibiti sai ciwon ya yi nisa. Saboda haka tun a makonninsa na farko sabon likita ke haɗuwa da tambayar da littafinsa bai amsa sosai ba: idan warkewa ta gagara, mene ne aikina?

"Da sauƙi" gaisuwa ce

Darasin farko shi ne sauraro. Ka san halinmu. Ko mutum yana murƙususu, idan aka ce masa, "Baba, ya jiki?" amsarsa ita ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Likitan da bai goge ba zai rubuta cewa maras lafiya ya samu sauƙi ya yi gaba. Bayan 'yan makonni sai ya gane cewa wannan amsa ladabi ce da tawakkali, kuma labarin gaskiya yana zuwa ne bayan tambaya ta biyu da ta uku: "Baba, ka samu barci jiya? Ina ne ya fi damunka? Idan za ka juya yana tashi?" Yakan koyi duba goshin da ya tattare, da hannun da ya damƙe bakin zani, domin jiki magayi ne.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1984 ya gano cewa likitoci sukan katse maras lafiya bayan kimanin daƙiƙa 18 da fara bayaninsa. Mai jinyar ajali ba shi da ƙarfin yin magana da sauri, kuma abin da ya fi damunsa sau da yawa shi yake faɗa a ƙarshe. Sabon likita yakan gano cewa idan ya ja kujera ya zauna daidai da idon maras lafiya, minti biyar sun fi minti goma sha biyar na tsayuwa a kansa da fayil a hannu.

Ga waɗanda ke zaune a kudu akwai ƙarin matsalar harshe. Bahaushen Sabo a Ibadan, ko na Agege da Idi-Araba a Legas, yakan faɗa hannun likitan da ba ya jin Hausa, sai ɗa ko ƙane ya zama tafinta. Shi kuma tafinta, don tausayi, yakan rage kaifin maganar likita, ya kuma rage kukan maras lafiya. Likita mai lura yakan koyi yin gajerun tambayoyi, ya kalli fuskar maras lafiya maimakon ta tafinta, ya kuma nemi a maimaita masa abin da aka fahimta.

Yadda ake faɗin magana mai nauyi

Darasi na biyu ya fi wuya. Sakamakon gwaji ya fito, ciwon ya wuce tiyata. Kafin likita ya kai bakin gado, babban ɗa ya tare shi a baranda: "Likita, don Allah kada ka gaya wa Baba. Zuciyarsa za ta karye." Wannan roƙo na ƙauna ne, kuma sabon likita da ya yi watsi da shi yakan ɓata tsakaninsa da iyali gaba ɗaya. Wanda kuma ya amsa da "to" ya shiga wasan ɓoye-ɓoye, sai ya wayi gari yana yi wa dattijo ƙarya kowace safiya.

A 2000 wasu likitocin sankara na Amurka da Kanada suka wallafa matakai shida na isar da mummunan labari, kuma ana koyar da su a makarantun likitanci da dama. A taƙaice: a nemi wuri mai sirri a zauna; a tambayi maras lafiya abin da ya riga ya sani; a tambaye shi iya abin da yake son ji; a faɗa masa da kalmomi masu sauƙi, kaɗan-kaɗan; a ba shi damar yin shiru ko kuka; sannan a tsara abin da za a yi daga nan. Mataki na uku shi ne ke warware rigimar baranda. Idan aka tambayi Baba, "Kana son in yi maka bayanin sakamakon, ko in yi wa 'ya'yanka?" zai iya cewa a yi wa babban ɗansa, kuma haƙƙinsa ne. Sau da yawa kuwa sai a tarar ya daɗe da ganewa, shi ma yana ɓoye wa 'ya'yan ne don kada hankalinsu ya tashi.

Me ya sa wannan ke da muhimmanci? Saboda mutum yana da abubuwan da shi kaɗai zai iya kammalawa. Akwai bashin da ba a rubuta ba, akwai amanar da aka ba shi ajiya, akwai wasiyya, akwai ɗan'uwan da suka shekara ba sa magana. Ɗan kasuwar da ya yi shekara talatin a Legas yana iya fin son ya cika a gidansu a Sakkwato ko Katsina, kuma wannan doguwar tafiya tana yiwuwa ne kawai idan an faɗa masa tun yana da ƙarfin zama a mota. Idan aka yi ta jinkiri har ya fita hayyacinsa, an ƙwace masa wannan zaɓi.

Sai tambayar da kowa ke yi: "Likita, saura kwana nawa?" A nan ma akwai darasi na ƙanƙan da kai. Wani bincike da aka yi a yankin Chicago aka wallafa a 2000 ya duba hasashen likitoci 343 a kan marasa lafiya 468 masu ciwon ajali. Kashi 20 cikin 100 ne kawai na hasashen ya zo daidai, a kashi 63 kuma likitocin sun ɗauka mutum zai daɗe fiye da yadda ya daɗe. Don haka likitan kirki ba ya yanke rana. Yakan ce alamu sun nuna makonni ne ko kwanaki, sanin lokaci na Allah ne, amma duk wanda ya kamata ya zo a kira shi yanzu.

Ciwo yana da magani ko cuta ba ta da shi

Jimlar da ya kamata sabon likita ya cire daga bakinsa ita ce, "Babu abin da za mu iya yi." Akwai fanni guda na likitanci da aikinsa ke farawa daga nan, wato kulawar sauƙaƙa raɗaɗi. Wata 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin jinya kafin ta zama likita, ita ce ta buɗe gidan kula da masu jinyar ajali na St Christopher a Landan a 1967. Ta koyar da cewa raɗaɗin mai mutuwa ya haɗa da na jiki, da na zuciya, da damuwar iyali da dukiya, da ta tsakaninsa da Ubangijinsa. A Najeriya, asibitin koyarwa na UCH da ke Ibadan ya buɗe sashen wannan kulawa a 2007, bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, kuma wasu manyan asibitoci sun bi sahu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum miliyan 56.8 da ke buƙatar irin wannan kulawa kowace shekara a duniya, kimanin kashi 14 cikin 100 ne ke samu.

Tun 1986 hukumar ta fitar da tsarin maganin zafin sankara mai hawa uku. Ana farawa da irin su farasitamol; idan bai isa ba a hau zuwa matsakaita irin su kodin ko tiramadol; idan ciwo ya tsananta a ba da mofin. Ƙa'idar ita ce a ba da shi ta baki idan zai yiwu, kuma a kan lokaci, ba sai mutum ya fara ihu ba. Ruwan mofin na sha yawanci bayan kowace awa huɗu ake bayarwa. Yana kawo taurin bayan gida, shi ya sa ake haɗa shi da maganin sassauta ciki, kuma yakan sa barci ko tashin zuciya a kwanakin farko.

Sabon likita yakan zo da tsoron mofin, haka ma iyalai. Ba abin mamaki ba ne a ƙasar da shaye-shayen tiramadol ya lalata matasa, har gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin a 2018. Amma a bakin gado yake ganin bambanci da idonsa: matar da ta kwana uku ba ta runtsa ba ta yi barci, ta farka ta sha kunu, ta yi sallah a zaune, ta yi hira da jikokinta. Mofin da likita ya auna daidai da zafin ciwo ba ya gaggauta ajali. Wani bincike a Boston a 2010 kan masu sankarar huhu 151 ya nuna cewa waɗanda aka fara yi wa kulawar sauƙaƙa raɗaɗi da wuri sun fi jin daɗin rayuwarsu, kuma sun rayu kimanin wata 11.6, sauran kuwa wata 8.9.

Kowace takardar magani kuɗi ce

A ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita. Sabon likita ya saba da rubuta gwaji kamar yadda littafi ya ce. Ranar da ya ji cewa an sayar da babur ɗin da ake ci da shi don a biya kuɗin hoton da ba zai canja komai ba, ranar yake fara tambayar kansa kafin ya ɗauki biro: idan sakamakon ya fito, akwai abin da za mu yi daban? Idan babu, barin gwajin shi ne kulawa.

Haka ma batun komawa gida. Iyali da dama sukan sa hannu su ɗauke maras lafiyarsu cikin fushi ko don kuɗi ya ƙare, su tafi ba magani ba bayani. Likitan da ya koyi darasinsa yakan mayar da wannan sallama mai tsari: ga maganin ciwo da yadda za a ba da shi, ga yadda ake juya mutum duk bayan awa biyu don kada gyambon kwanciya ya fito, ga inda za a dawo idan magani ya ƙare.

Alamomin kwanakin ƙarshe

Waɗannan galibi daga tsofaffin malaman jinya sabon likita ke koyon su, domin abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Barci yana ƙaruwa, sha'awar abinci da ruwa tana ɗaukewa, fitsari yana raguwa, hannu da ƙafa suna sanyi. Numfashi yakan yi sauri, ya tsaya na ɗan lokaci, ya dawo. Wani lokaci ana jin kakari a maƙogwaro saboda yawun da mutum ya kasa haɗiyewa. Sautin yana tayar da hankalin masu jinya, amma yawanci shi maras lafiyar ba ya cikin wahala da shi, kuma kwantar da shi a gefe yana ragewa.

Inda aka fi samun saɓani shi ne abinci. A wurinmu ciyarwa ita ce ƙauna, kuma uwa ko mata ba ta iya zama ta ga nata bai ci ba. Amma ɗura wa mutumin da ya daina haɗiya koko ko ruwa yana iya sa ya ƙware, abin ya gangara huhu. Yawan ƙarin ruwa a wannan mataki ma yana iya kumbura jiki ya ƙara wahalar numfashi. Sabon likita yakan koyi cewa hana mata kawai ba ya isa, sai ya ba hannunta wani aiki: ta jiƙa auduga ta goge masa leɓe da harshe, ta shafa masa mai, ta riƙe hannunsa.

Yakan kuma koyi kiyaye bakinsa a kan gado. Wani bincike da aka yi a Kanada a 2020 ya nuna cewa ƙwaƙwalwar wasu masu gab da cikawa tana amsa sauti ko bayan sun daina motsi. Don haka ba a gardamar kuɗi ko gado a kansa. A nan ne likita ke sanin lokacin da zai ja labule ya matsa gefe, ya bar Musulmi su laƙƙana wa nasu kalmar shahada a hankali, ko Kirista su kira fasto ya yi addu'a.

Bayan rai ya yi halinsa

Tabbatar da mutuwa aikin sabon likita ne. Zai saurari zuciya da numfashi na wasu mintuna, ya haska idanu, ya rubuta lokaci. Sannan ya juyo ya fuskanci iyali. Nan yake koyon cewa kewaye-kewaye zalunci ne. Idan ya ce, "Jikin ya ƙara tsanani," sai a ci gaba da sa rai. Abin da ake so shi ne magana a fili da tausasawa: "Hajiya, sai haƙuri, Allah Ya yi wa Alhaji rasuwa." Idan iyalin Musulmi ne kuma, saurin kammala takardu don a samu yin jana'iza a kan lokaci yana cikin kyautatawar da ba a mantawa.

Abin da ba ka gani shi ne abin da ke biyo baya. Bayan minti goma ana jiransa a wani gadon. Ba a yi masa ta'aziyya, alhali shi ma ya shaƙu da mamacin, musamman idan yaro ne ko sa'ar mahaifiyarsa. Yakan kwana yana bitar fayil a zuciyarsa, ko akwai abin da ya tsallake. Wasu sukan kare kansu ta hanyar daskarewa, su daina kallon fuska, su riƙa kiran mutane da lambar gado. Likitan da ka taɓa zargi da rashin tausayi, mai yiwuwa a wannan shekara ya koyi hakan, don bai samu babban da zai zauna da shi ko na minti biyar bayan mutuwar farko ba. Wannan nauyi ne a kan manyan likitoci da shugabannin asibitoci, musamman yanzu da ficewar likitoci zuwa ƙasashen waje ta bar ƙananan da aiki mai yawa da ƙarancin masu duba su.

Naka rabon

Idan jinya ta same ku, ku zaɓi mutum ɗaya ko biyu da za su riƙa magana da likitoci, maimakon kowane baƙo ya zo da tambayarsa. Ku tambaya kai-tsaye: wannan magani na warkarwa ne ko na rage raɗaɗi? Wannan gwaji zai canja wani abu? Akwai sashen sauƙaƙa raɗaɗi a asibitin nan? Idan maras lafiyarku yana jin zafi, ku faɗa yadda yake, kada ku ce da sauƙi. Idan ƙaramin likita bai iya amsa wata tambaya ba, haƙƙinku ne ku nemi ganin babbansa, ba tare da kun ci masa fuska ba. Ku gaya masa ko wane ne mutumin da ke kwance: sana'arsa, abin da yake tsoro, inda yake son ya kasance.

Idan kuma ya kyautata muku, ko da an rasa maras lafiyar, ku ce masa an gode kafin ku bar asibitin. Likitoci da yawa sukan riƙe irin wannan godiya tsawon aikinsu, kuma iyalan da za su zo bayanku su ne za su ci moriyarta.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa mu cika da kyau da imani.